Kilo Arba'in a Wutsiya

Duk wanda ya tashi a Tudun Wadar Zariya ya san ƙarar ƙaramin jirgin sama kamar yadda ya san ƙarar injin niƙan unguwarsu. Tun 1964 aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgi a can wajen Palladan, wadda mutanen gari suke kira Abiyeshin, kuma tun daga lokacin ɗalibanta suke kewaya sararin garin safe da yamma. Yara kan ɗaga kai su bi jirgin da ido har ya ɓace, sa'an nan su koma wasansu. Yawancinsu kan girma su daina ɗaga kai. Ɗan ƙanwata yana cikin 'yan kaɗan ɗin da ba su daina ba.

Mai walda ne, ƙofofi da tagogin ƙarfe yake yi. A bayan shagonsa, ƙarƙashin wata rumfar kwano, ya yi shekara biyu yana harhaɗa ƙwarangwal ɗin jirgi mai ɗaukar mutum ɗaya, bisa wani zane da ya samo a intanet. Ni kuwa gyaran ƙananan jirage ne aikin da na tsufa a kansa kafin in yi ritaya, kuma ina jin dalili ke nan da ya sa ya ɓoye mini abin tsawon wannan lokaci. Ranar da ya kai ni rumfar, tambaya ɗaya ce a bakinsa. Ya nuna mini wutsiyar jirgin ya ce, “Kawu, ɗan harshen nan da ake sa wa a nan baya, wane girma zan yanka shi? Ina so ya zama babba, don ya riƙe hancin sosai.”

Ban amsa masa ba a ranar. Kalmar “babba” ce ta tsaya mini a rai, domin wanda yake neman babban harshe tun jirginsa bai bar ƙasa ba, akwai abin da ya gani ya tsorata shi.

Bari in fara da abin da harshen yake yi. A wutsiyar jirgi akwai ƙaramin fiffike a kwance, rabinsa na gaba a kafe, rabinsa na baya kuma yana lilo sama da ƙasa a kan hinji. Wannan mai lilon shi ma'aikata suke kira elebeta. Idan matuƙi ya jawo sandar tuƙi zuwa cikinsa, elebeta ya ɗaga sama, iska ta danna wutsiya ƙasa, hancin jirgi ya tashi. Idan ya tura sandar gaba, hanci ya duƙa. A yawancin ƙananan jirage an tsara nauyi da fiffike yadda kullum hanci yake neman dukawa kaɗan, wutsiya kuma tana danna ƙasa tana riƙe shi. Amfanin wannan tsari yana cikin bambancin da ke tsakanin ƙarfin biyu. Nauyi ba ruwansa da gudu, yana nan yadda yake, amma ƙarfin da iska take dannawa a wutsiya yana bin gudu, har ma idan gudu ya ninka biyu shi sai ya ninka huɗu. Saboda haka idan gudun jirgi ya ragu, wutsiya sai ta yi rauni, hanci ya duƙa, jirgi ya gangaro ya maido gudunsa. Idan gudu ya yi yawa, wutsiya ta yi ƙarfi, hanci ya tashi, gudu ya ragu. Jirgin da aka gina daidai yana neman gudunsa da kansa, ko an saki sanda.

Matsalar ita ce gudun da jirgin yake nema ba lalle ya zama wanda matuƙi yake so ba. Idan suka saɓa, dole matuƙi ya riƙa ja ko turawa ba hutawa. Nauyin kilo biyu ko uku a hannu ba kome ba ne a minti ɗaya, amma bayan sa'a guda kafaɗa ta ƙage, hankali ya rabu, kuma da zarar mutum ya sunkuya duba taswira sai hanci ya tafi inda yake so. Don a sauke wa hannu wannan nauyi aka ƙirƙiro abin da ake kira tirim. Mafi sauƙinsa shi ne ɗan harshen da ɗan ƙanwata yake tambaya, wato wani ɗan siririn falle a bakin elebeta na baya. Yana aiki ne a juye. Idan aka lanƙwasa harshen ƙasa, iska ta tura bakin elebeta sama, hanci ya tashi. Idan aka lanƙwasa shi sama, hanci ya duƙa. Ɗan falle mai faɗin yatsu uku yana juya elebeta, elebeta kuma yana juya jirgi duka. Wani injiniya Bajamushe, Anton Flettner, shi ya yi suna da wannan dabara tun zamanin Yaƙin Duniya na Farko. Akwai wasu hanyoyin: wasu sukan ɗaura sifirin a jikin sandar tuƙi ya riƙa ja a madadin hannu, wasu jiragen kuma, kamar tsohon Piper Cub da manyan jiragen fasinja, fiffiken wutsiyar gaba ɗaya ake karkatawa da wani dogon ƙarfe mai zare.

Ban manta da karon farko da na ga amfaninsa da idona ba. Mun gama gyaran wayoyin wutsiyar wani jirgi, matuƙin gwaji ya ce in shiga mu tashi tare, domin a ganinsa makaniken da ya san zai hau ya fi ɗaure noti da kyau. Da muka kai sama ya daidaita hanci da sanda, ya rage totur, ya jira gudu ya zauna, sa'an nan ya murɗa ɗan wilin tirim a hankali har nauyin ya bar hannunsa. Sai ya ɗora hannayensa biyu a kan gwiwa ya dube ni. Jirgin ya ci gaba da tafiya kamar an shimfiɗa masa titi. Wannan jeri nasa shi ake koya wa kowane ɗalibi, sanda tukuna, a jira, sannan tirim. Ba a tuƙa jirgi da tirim, nauyi kawai ake sauke wa hannu da shi.

To, a nan ne mai ginin gida yakan ruɗe, kuma misalin da na fi gane abin da shi yana wucewa ta ƙofar gidana kowace safiya. Dubi mai ga-ruwa da kurarsa, taya biyu a tsakiya, jarkoki a jere, mariƙi a baya. Idan ya tara jarkokin gaba da taya, mariƙin zai riƙa ɗagawa, sai ya danna shi tun daga rijiya har gidan mai saye. Idan ya tara su ta wajensa, sai ya riƙa ɗaga mariƙin. Abu biyu zai iya yi. Ko dai ya sami yaro ya riƙe masa mariƙin, ko kuwa ya tsaya ya matsar da jarka ɗaya. Tirim shi ne yaron. Yana hutar da hannu, amma jarkokin suna nan inda suke, kuma ranar da kura ta hau tudu nauyin ya fi ƙarfin yaron, za ta tuntsure da shi a maƙale. Matsar da jarka shi ne gyara cibiyar nauyi, wato wurin nan guda da idan aka rataye jirgi daga gare shi zai tsaya a kwance. Kowane zanen jirgi yana da iyakar gaba da iyakar baya da cibiyar ba za ta ƙetare ba. A jirage masu fiffike miƙaƙƙe irin na ɗan ƙanwata, wurin yakan faɗo tsakanin rubu'i da sulusin faɗin fiffike, in an auna daga bakinsa na gaba.

Iyakokin biyu ba ɗaya ba ne wajen haɗari. Jirgin da nauyinsa ya yi gaba yana da taurin kai, yana wahalar ɗaga hanci wajen sauka, amma yana neman gudunsa. Wanda nauyinsa ya yi baya, sandarsa tana da laushi ƙwarai, har sabon matuƙi ya ji daɗinta, alhali wancan hali na gyara kai ya ragu ko ya ɓace. Idan gudu ya ragu, maimakon hanci ya duƙa sai ya ƙara tashi, gudu ya ƙara raguwa, har fiffike ya saki iska jirgi ya rikito. Ranar 8 ga Janairu, 2003, wani jirgin fasinja ƙirar Beech 1900 ya tashi daga Charlotte a Amurka da nauyi a baya fiye da ƙa'ida, ga shi kuma an ɗaure wayoyin elebeta ba daidai ba wajen gyara, yadda ba ya iya sauka ƙasa iyakar yadda ya kamata. Hanci ya tashi, matuƙa suka tura sanda har ƙarshe bai duƙa ba. Mutum 21 da ke ciki duk suka rasu, jirgin bai ko fita harabar filin ba.

Washegari na koma rumfar na tambaye shi abin da ya gani. Sai da ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya fito mini da tarkacen wani ɗan samfuri daga cikin buhu. Ashe kafin ya fara babban ya yi ƙaraminsa da farin soson nan na cikin kwalin firij, da ɗan inji mai batir da rimot, kuma a wannan ya yi hankali. Ya ce tun tashin farko hancin yake ɗagawa, shi kuwa ya yi ta danna maɓallin tirim na rimot ɗin har ya ƙure. Da gudu jirgin ya tafi lafiya. Da ya rage wuta zai sauka, sai ya miƙe tsaye kamar dokin da aka ja wa linzami, ya juya ta fiffike ɗaya ya caki ƙasa. Abin da ya fahimta daga wannan shi ne tirim ɗin ya yi masa kaɗan. Na ce masa, “Ɗana, tirim ɗin ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ranar nan da ka ga ya ƙure, jirgin yana gaya maka nauyinsa yana baya ne, kai kuma kana toshe masa baki.”

Muka aro sikeli biyu na kwance daga wajen masu sayen tsofaffin ƙarafa, muka ɗauko na banɗaki daga gida don wutsiya. Sai da muka gwada kowanne da jarkar ruwa mai lita 25, domin sikelin ɗan kasuwa ba kullum yake faɗin gaskiya ba. Muka rufe bakin rumfar da tabarma saboda iska, muka ɗora tayar wutsiya a kan benci har lebul ɗin magina ya nuna jirgin a kwance yake kamar yana tafiya a sama. Da zare mai dutse a ƙasa da alli muka sauko da ma'aunai a daɓe. Tayoyin gaba suna daidai ƙarƙashin bakin fiffike, tayar wutsiya tana santimita 400 a bayansu, faɗin fiffike kuma santimita 150. Ya zuba mai a tanki, ya shiga ya zauna.

Tayar dama ta nuna kilo 121, ta hagu 119, wutsiya 40. Jimla 280. Lissafin ba ya buƙatar kwamfuta: a ninka nauyin wutsiya da nisanta, 40 sau 400, a sami 16,000, a raba da 280. Cibiyar nauyi ta faɗo santimita 57 bayan bakin fiffike, wato kashi 38 cikin ɗari na faɗinsa. Zanen da yake bi ya ce kada ta wuce santimita 50. Tazarar santimita 7 ce kawai, ba ta kai faɗin tafin hannu ba, kuma da ya tashi a haka ina da yaƙinin abin da ya sami ɗan samfurin shi zai same shi. Dalilin bai ɓuya ba. Injin da ya samu ya fi na zanen sauƙi, ya yi wutsiya da bututu mai kauri “don ta yi ƙwari,” ya sa mata sifirin ɗin tsohuwar mota, ya kuma ɓoye batir mai kilo 9 a bayan kujera saboda a can ne akwai fili. Kowane ɗaya daga cikinsu tunani ne na mai walda nagari, wanda a sana'arsa ƙarin ƙarfe ƙarin aminci ne. A wutsiyar jirgi kuwa, kilo ɗaya a nisan mita 4 yana ja kamar kilo huɗu a nisan mita ɗaya.

A daren ƙanwata ta zo gidana. Ta ji labarin sikeli. Ta ce, “Yaya, kai kaɗai yake jin maganarka. Ka ce masa abin nan ba zai taɓa tashi ba, ko da ba gaskiya ba ne. Shi ke gare ni namiji.” Na daɗe ban ce kome ba. Da na yi yadda take so, zai gane ƙaryar cikin mako guda, domin yaron da ya iya karanta zanen jirgi zai iya duba lissafina, daga nan kuma ba zai sake kai ni rumfar ba. Zai yanka babban harshensa shi kaɗai. Na ce mata ba zan yi masa ƙarya ba, amma na yi mata alkawari ba zan ɓoye masa ko aibu ɗaya ba, aibun kuwa suna da yawa. Ba ta gamsu ba, har yau ma gaisuwarta da ni a taƙaice take.

Ina da dalilin ƙin raina masa aikin. Jirgin koyo da aka haɗa a Kaduna, Air Beetle, wanda ya fara tashi a 1989 aka kuma yi wa Rundunar Sojin Sama guda 60, asalinsa zanen RV-6A ne na Richard VanGrunsven, mutumin Oregon, jirgin da ake sayar wa mutane a cikin akwatuna su haɗa a garejin gidajensu. Kafin wannan da nisa, wajen 1929, wani makanike a ƙauyen Cherry Grove na jihar Minnesota, Bernard Pietenpol, ya tashi da jirgin katako mai injin motar Ford, kuma har yau ana gina irinsa. Masu gina shi sun san matsalar ɗan ƙanwata sarai. Idan injinsu ya yi sauƙi ko matuƙi ya yi jiki, sukan matsar da fiffiken gaba ɗaya baya kaɗan kafin a yi maganar tirim. Bambancinsu da yaranmu shi ne su suna da jama'a a bayansu. Tun 1953 suke da ƙungiyarsu a Amurka, akwai tsofaffin magina da ke zuwa duba aiki, hukuma tana duba jirgi kafin ya tashi, sannan dole ya yi tashin gwaji a wani keɓaɓɓen yanki ba tare da fasinja ba. Mu a nan, idan yaro ya ƙera wani abu mai fiffike, sai a kasu biyu, masu yi masa dariya da masu ɗaukar bidiyo suna kiran gwamnati ta tallafa. Ban taɓa ganin wanda ya zo da sikeli ba a cikinsu, a garin da makarantar jirgi take tun kafin a haifi iyayen yaran.

Ya sake wutsiyar da bututu siriri, ya cire sifirin ɗin mota, kilo 5 suka tafi. Ya mai da batir gaba kusa da inji, tazarar mita 2 daga inda yake. Da muka sake awo, jimla ta zama kilo 275, wutsiya ta nuna 30 da rabi, cibiya ta dawo santimita 44, kusan kashi 30 cikin ɗari. Sai a lokacin na zauna na amsa masa tambayarsa ta farko.

Harshen da ake lanƙwasawa a ƙasa ɗan fallen alminiyam ne, a ɗaure shi da ribit a bakin elebeta, a bar shi a miƙe. Kafin a taɓa shi sai an tabbatar kusurwar fiffiken wutsiya da karkatar inji sun yi daidai da zane, don kada a gyara kuskuren gini da shi. Matuƙin gwaji ya tashi, ya zauna a gudun tafiya, ya lura ko ja yake yi ko turawa. Idan ja yake yi, a lanƙwasa harshen ƙasa, idan turawa, sama. A matse shi tsakanin katako biyu don ya lanƙwasu bai ɗaya, milimita ɗaya ko biyu kawai, a rubuta a littafi, a sake tashi. Gyara ɗaya a tashi ɗaya, in ba haka ba ba za a san wanda ya yi aiki ba. Irin wannan harshe a gudu ɗaya kawai yake daidai, wajen hawa da sauka hannu zai ɗan ji nauyi, kuma a jirgi mai sauƙi wannan ba laifi ba ne. Idan kuwa mai motsi ne da ake murɗawa daga kujera, abu biyu nake dubawa kafin kome. Na farko, mutum ɗaya ya murɗa zuwa “hanci sama,” wani ya tsaya a baya ya ga harshen ya yi ƙasa da idonsa, domin ɗaure shi a juye kuskure ne da ya sha faruwa har a hannun ƙwararru. Na biyu, a kama bakinsa da yatsu a girgiza. In yana wasa, ba a tashi. Harshe mai wasa yana iya kama karkarwa a iska, irin ta kwanon rufin da ƙusarsa ta fita, ya karya kansa cikin daƙiƙa. A gasar tseren jirage ta Reno, ranar 16 ga Satumba, 2011, notocin harshen wani jirgin Mustang da aka yi wa kwaskwarima sun saki, harshen ya yi karkarwa a gudun da ya haura kilomita 800 a sa'a, jirgin ya faɗa kusa da 'yan kallo, mutum 11 suka rasu.

Babban jirgin yana nan a rumfa, kuma na gaya masa a gaban mahaifiyarsa cewa daidaita nauyi bai mai da shi abin hawa ba. Bututun jikinsa na kujeru ne da gadaje, ba ƙarfen jirgi mai lamba 4130 da zanen ya ambata ba. Ba a gwada fiffiken da buhunan yashi ba. Shi kansa bai taɓa riƙe sandar jirgi a sama ba, kuma ba abin da zai tashi a ƙasar nan bisa doka sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama. Ya saurara kansa a sunkuye, sa'an nan ya tambaye ni nawa ake sayar da mita ɗaya ta 4130.

Ɗan samfurin dai ya sake gina shi, batir a can cikin hanci. Muka kai shi wani filin ƙwallo bayan la'asar, iska ta kwanta. Ya tashe shi, ya daidaita, ya danna maɓallin tirim sau biyu. Na ce ya rage wuta ya ɗauke yatsunsa daga rimot. Ya dube ni, ya ɗauke. Hancin ya duƙa, jirgin ya gangaro ya ɗauki gudu, ya ɗago, ya sake dukawa kaɗan, a karo na uku ya zauna ya miƙe yana saukowa a hankali ta wajen ragar gola, yara suna binsa da gudu. Da muka koma shago ya yanka harshen babban jirgin, tsawon santimita 20, faɗin 4, ya goge bakinsa, ya rataye shi a ƙusa a miƙe.